Kafin Ruwa Ya Sauka: Hirar Dakalin Unguwarmu

Da zarar watan Mayu ya kama, zafin bazara ya kai inda ya kai, gabas ta fara yin duhu da la'asar, unguwarmu takan cika da ƙarar guduma. Ko'ina ka ɗaga kai sai ka hangi mutum tsugune a kan kwano, bakinsa cike da ƙusoshi. Tsani ɗaya ne mai kirki a layinmu, na gidan Alhaji na kan kwana, kuma a wannan lokacin ba ya kwana a gidansu. Yaro zai zo da safe ya ce, “Wai in ji Babana a ba shi aron tsani,” a ce masa yana gidan Malam mai shago. Ya je can a ce yanzun nan aka ɗauka zuwa gidan Liman. Haka muke. Mun san ɗakin da ya yi yoyo tun bara, mun kwashe rani guda muna kwana a ƙarƙashinsa, amma sai iska ta fara kaɗa labule muke tuna kafinta, kuma dukanmu a mako ɗaya. Shi kuwa kafinta, wanda da rani yake zaune yana gyaran kujeru, sai ya zama sai an bi layi, kuɗin aikinsa ma ya ɗaga.

Ban ga laifinmu da yawa ba. Magidanci yana fama da cefane da kuɗin makaranta, abin da bai zubo masa a ka yau ba sai ya ce gobe. Amma matan gida ba sa mantawa, don su ne suka tashi da tsakar dare suka janye katifa, suka jera roba da bokiti. Shi ya sa kafintan da ya san aikinsa, kafin ya taka tsani, yakan tsaya daga zaure ya ce a tambayo masa uwargida. Daga bayan labule za ka ji amsa dalla-dalla: “Malam, wuri biyu ne. Ɗaya saitin gadon yara, ɗaya a kusurwar yamma, shi sai ruwa ya zo da iska yake zuba.” Wannan bayanin na ƙarshe ya hutar da shi lalube mai yawa, domin ya gane ba huda ba ce, bakin kwano ne bai hau kan ɗan'uwansa sosai ba.

Ina son kallon kafintan layinmu yana aiki. Idan ɗakin ba silin, yakan shiga da rana tsaka ya rufe ƙofa da taga ya ɗaga kai. Duk inda haske ya ratso, nan ne. Idan da silin, ba ya yarda da tabon da ya gani, domin ruwa yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗigo, don haka sama da tabon yake nema. A kan rufin, layin ƙusa yake bi da ƙafarsa, inda ya san akwai katako a ƙasa, kada ya lotsa wa mutane kwano. Ƙusa kuma mai hula ce, a kan tudun kwano yake kafa ta, ya bar kwarin da ruwa ke gudu. Abin da ya fi damunsa shi ne langa-langa, siririn ƙarfen nan da ake ɗaure katakon rufi da shi a jikin gini. Ya ce mini, “Yaya, yoyo ai da sauƙi. Ranar da iskar farkon damina ta samu rufin da ba a ɗaure ba, ɗungurungum take ɗauka ta kai layin baya.” Mu kuma abin da muka saba shi ne mu ɗora bulo da duwatsu da tsofaffin tayoyi mu danne. Bulon yana ɗan taimakawa, amma taya ruwa take tarawa, sauro ya yi ta haihuwa a saman kanka.

Duk wannan hidima Baba magini yana zaune a dakalin masallaci da carbinsa yana kallonmu. Daga cikin birni ya dawo nan, kuma gidansu gidan magina ne kaka da kakanni. Idan aka tsokano shi da hira yakan ce su a da ana gama girbi ake fara maganar yaɓe, ba a jiran hadari. A haƙo jar ƙasa, a cuɗa ta da ciyawa da ƙafa, a bar ta kwana da kwanaki har ta yi danƙo, sannan a bi katanga da soro a toshe duk tsagar da damina ta bari. Bayan haka a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa ruwa ya zame daga jikin bango. Gidan mai hali kuwa laso ake yi masa: katsi daga ramukan marina irin ta Ƙofar Mata, gashin jima daga majema, da dafara da ake jiƙawa ta yi yauƙi, a haɗa su su zama abin da ruwa ba ya ratsawa. Rufi na azara ne, daga giginya, itacen da gara ba ta cika iya masa ba. Kafin ruwan farko a hau soro a tuge ciyawar da ta tsiro, a zura sanda a buɗe indararo, a tabbatar bakinsa yana zubarwa nesa da gindin bango.

“Kun ce ƙasa ba ta da ƙarfi,” in ji shi. “Ku je Zariya ku ga Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ko ku shiga Gidan Makama a nan Kano ku ɗaga kai.” Gaskiyarsa. Masallacin nan tun kafin tsakiyar ƙarni na 19 aka yi shi, kuma bakan gizonsa na ƙasa da azara har yau ana zuwa kallo. Ginin ƙasa sharaɗinsa ɗaya ne, a waiwaye shi duk shekara. Mu da muka koma bulo da siminti, a ganina babbar asararmu ita ce wannan waiwayen, don mun ɗauka tunda an ce siminti, to an gama ke nan har abada.

Abin da ke ɓata wa Baba rai shi ne a ɗauko siminti a shafe tsohuwar katangar ƙasa. Mutane da yawa sun yi wa gidajen iyayensu na cikin gari haka, da kyakkyawar niyya, kuma shekarar farko abin gwanin sha'awa. Amma ƙasa tana shan danshi ta fitar da shi idan rana ta fito, shi kuwa siminti in ruwa ya samu 'yar tsaga ya shiga bayansa, ba ya barinsa ya fita. Sai ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye, har ranar da falle guda zai ɓalle ya faɗo, wani lokacin da rabin katangar. Baba yakan bi bango yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, inda ya ji holoƙo sai ya ce, “Nan sun rabu.” Yakan kuma tsuguna ya duba gindin katanga, inda farin gishiri ke tsatstsafowa yana cin gini daga ƙasa. In ka ce za ka shafa fenti sai ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, kawar da ruwan da ke kwanciya a wurin tukuna.”

Shi kansa simintin ba mu cika ba shi haƙƙinsa ba. Buhu kilo 50 ne, kuma tsadarsa ta sa kowa so yake ya ja shi ya yi nisa. Birkila ya ce kwanon sarki ɗaya na siminti a zuba masa yashi huɗu ko biyar don filasta, mai gida ya ce a ƙara biyu, ai ba bene ba ne. Bulo kuma a je a sayo mafi araha, wanda in ka murza gefensa da babban yatsa sai ya zube. Sannan ga ban ruwa. Da ruwa siminti yake yin ƙarfi, yana bukatar a riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, mu kuwa a zafin Afrilu mukan yayyafa masa sau ɗaya mu ce ya bushe, ya yi kyau. Bayan wata biyu ga tsaga ko'ina, a ce birkila ne bai iya ba. Alhali wannan aikin ko yara aka ɗora wa da buta za su yi.

Amma hirar da ta fi zafi a dakalinmu, wadda har a kira magariba ba ta ƙarewa, ita ce ta tsakar gida. A shekarun nan duk wanda Allah ya buɗa wa, abu na farko shi ne ya zuba siminti ko intalok ko tayil tun daga bakin zaure har ƙofar banɗaki, ba a barin ko tafin hannu na ƙasa. Dalilin a bayyane yake, kuma ba na raina shi. Matan da ke shara sau biyu a rana, suna fama da taɓo da damina da ƙura da hunturu, su suka san daɗin daɓen siminti. Yaro mai rarrafe ba zai ci ƙasa ba, wanki in ya faɗo daga igiya bai ɓaci ba. Sai dai ruwan da a da yake nutsewa a tsakar gida yanzu ba shi da wurin zuwa sai rariya, daga rariya kuma sai layi.

Wani malamin makaranta da ke haya a layinmu ya taɓa yi mana lissafin a ƙasa da tsinke. Ya ce milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ce. Gidan da rufinsa da daɓensa suka kai murabba'in mita 200, in aka yi ruwan milimita 30, wanda a watan Agusta ba abin mamaki ba ne, lita 6,000 zai turo waje. Alhaji na kan kwana ya ce, “Malam, faɗa mana yadda za mu gane.” Ya ce, “Alhaji, jarkar 'yan garuwa mai lita 25 guda 240, daga gida ɗaya, a dare ɗaya.” Malam mai shago ya fara ƙirga gidajen layin da yatsa, bai kai ƙarshe ba ya ce, “Innalillahi!”

A da ruwan yana da masauki. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini su ne suka zama kududdufai, kusan kowace unguwa da nata, su ke karɓar ruwan damina. An cike da yawansu da shara, an yanka an gina. Unguwanni irin tamu kuma na awon igiya ne, an yanka filaye an sayar ba a fitar da hanyar ruwa ba. Sai muka shiga gasar ciko. Duk wanda zai yi sabon gini sai ya dubi dakalin maƙwabcinsa ya ɗaga nasa da bulo biyu, na bayansa ya ɗaga da uku. Kowa ya zuba ɓaraguzai a ƙofar gidansa, layi ya yi ta tashi, gidajen da aka fara ginawa suka koma rami. Su kuwa galibi gidajen tsofaffi ne da na marayu, waɗanda ba su da halin ciko. Wannan abin yana damuna ƙwarai, domin babu wanda ya yi niyyar cutar wani, amma an cuta.

A layinmu gidan Iya mai ƙosai ne ya zama haka. Wani dare cikin marka, ruwa ya juyo ta rariya ya shiga mata maimakon ya fita. Ihun jikokinta ne ya tashe mu. Muka same ta tsaye a ƙofar ɗaki, ruwa ya kai mata ƙwauri, ta ɗora ƙwaryar wakenta a ka, jarinta ke nan. Matasa suka yi layi da bokitai, wani ya cusa buhun yashi a bakin rariyar, mata suka kwashe yaran zuwa gidan Liman. Da gari ya waye mai unguwa ya zo, ya tsaya ya dubi ƙofofin gidajenmu ɗaya bayan ɗaya, duk sun fi nata tudu. Iya ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ban ce wani ya yi mini da gangan ba. Amma ruwan nan ba nawa ba ne ni kaɗai.” A makon aka yi karo-karo, aka haƙa kwata a gefen layi har ta haɗu da babban lambatu, aka ɗaga mata dokin ƙofa, aka sake wa rariyarta hanya. Tun daga nan ya zama ƙa'ida a wurinmu, mai sabon gini ko mai ciko sai ya kira maƙwabtansa na dama da hagu da mai unguwa, a tsaya a ga inda ruwansa zai bi.

Wasu kuma suka fara tarbar ruwan tun daga bakin kwano, a duro ko a tanki. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, na bayansa a tara don wanki da wanke-wanke, an rage kuɗin garuwa, an kuma rage wa layi nauyi. Sai dai a rufe duron da kyau, don sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ya ishe shi.

Gidan da nake so kowa ya gani shi ne na Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a ƙarshen layi. Lokacin da 'ya'yanta suka turo kuɗi a yi mata daɓe, sanda ta ɗauka ta zana wa birkila iyaka a ƙasa. Ta ce, “Daga nan zuwa nan naka ne. Wannan gefen ka bar mini shi yadda Allah ya yi shi.” Wurin bai fi taku huɗu a tsaye uku a kwance ba, yana nesa da bangon ɗakuna, kuma ta sa aka karkata daɓen yadda ruwa zai fara gangarowa can ya sha, abin da ya rage ya nemi rariya. A tsakiya akwai lemun tsami. A gindinsa ta ajiye dutsen alwalarta, don haka sau biyar a rana yana samun ruwa ba tare da an ɗebo dominsa ba. Gefe guda zogale uku ne, kuma ba ta barinsu su miƙe sama. Da sun kai ƙirji sai ta datse kan, su yi rassa, ganye ya zo daidai hannu. Reshen da ta datse takan aika wa maƙwabta su kafa, tunda zogale yana kamawa daga reshe, har ta kai yawancin zogalen layinmu daga wurinta suka fito. A jikin katanga tsofaffin buhunan shinkafa ne a jere, an huda gindinsu, an cika su da ƙasa da ruɓaɓɓen taki da ɗan yashi: wannan alayyafo, wannan yakuwa, wancan attaruhu. Na'ana'a tana cikin wata fasasshiyar roba, kabewa kuma ta hau rumfa ta lulluɓe ta.

Wata yamma na same ta tana daka a ƙaramin turmi, warin ɗaci ya cika gidan. Na ce, “Gwaggo, sannu da aiki. Yau kuma maganin wa ake haɗawa?” Ta ce, “Na alayyafo ne, ɗan nan, tsutsa ta sa shi gaba.” Ganyen darbejiya ne da 'ya'yanta. In ta daka sai ta jiƙa a bokiti ya kwana, washegari ta tace da tsohon ɗankwali, ta narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, ta yayyafa da tsintsiya bayan la'asar, tana ɗaga ganyen ta jiƙa har ƙasansa inda tsutsar ke ɓuya. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci yake yi, shi ya sa takan maimaita duk mako. Kashin kaji ba ta zuba shi ɗanye, ta ce ƙona shuka yake; sai ta tara shi da busasshen ganye a rami ya ruɓe tukuna. Ruwan wankin da aka sa wa omo ba ya zuwa wurin ko kusa. Da bazara kuma takan binne tsohon tulu har wuya a tsakanin shukokin, ta cika shi da ruwa ta rufe bakinsa, ya riƙa tsatstsafowa a hankali saiwoyi suna sha, saman ƙasar ta baje ɓawon gyaɗa don kada rana ta tsotse danshin.

Ɗan lambun nan bai ɗauke mata cefane ba, amma kwaɗon zogale ba ya yanke mata, miyar yakuwa ba sai an aiki yaro ba, baƙo kuma yakan sha shayi da na'ana'a da lemun da aka tsinko a gabansa. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne sanyi. Tsakar gidan da aka rufe da siminti kaf yakan sha rana wuni guda ya riƙe, har tsakar dare kana jin ɗuminsa ta cikin tabarma. Wurin Gwaggo ana idar da isha'i ya huce. Randarta tana kan jiƙaƙƙen yashi a inuwar lemun, kuma matan layi can suke kai kitsonsu da rana, ba don ba su da gidaje ba.

Maganar bishiya ma sai an yi da lura, don ba kowace ce ta tsakar gida ba. Durumi da ceɗiya inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu danshi take bi, ta ɗaga daɓe, ta fasa shadda, ta shiga ƙarƙashin gini. Wurinsu dandali ne da ƙofar masallaci. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, ta yaɗu a ƙasar nan tun zamanin Turawa har ta ƙawata titunan Maiduguri, ta dace da ƙofar gida, amma a ba ta taku biyar ko shida daga bango, kada kuma a dasa ta ƙarƙashin wayar lantarki a zo ana sare ta duk shekara. Mai son mangwaro ya nemi mai aure, a shekara 3 ko 4 ya fara ci, kuma bai cika girman na ƙwallo ba. Gwanda a shuka uku a wuri ɗaya, sai sun yi fure a gane namiji da mace, kuma ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Duk wanda aka dasa a waje, a kewaye shi da bulo ko ƙaya, don awakin unguwa ba sa barin ɗanyen ganye ya kwana. Ragon layya kuma a nema masa turke. Bishiyoyi da yawa a layinmu a makon babbar salla suka mutu, an ɗaure rago a jikinsu ya gwaguye ɓawon kewaye.

Bishiya kuwa in ta girma sai ta leƙa gidan maƙwabci. Mangwaron Alhaji ya taɓa haɗa shi da Malam mai shago, domin reshe ya ƙetara yana gogar kwano, ganye yana toshe rariya, uwargidan Malam tana shara ba ta gamawa. Magana ta kai Alhaji ya yi fushi ya aika a kira mai gatari, ya ce gara a sare kowa ya huta. Liman ne ya tare shi bayan sallar asuba, ya tuna masa cewa ya tabbata a hadisi duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da Musulmi ya shuka, sadaka ce a gare shi. Alhaji ya ce, “Allah gafarta Malam, to yaya zan yi da haƙƙin maƙwabci?” Liman ya ce a zauna. Aka datse reshen da ke gogar kwano, aka ce duk abin da ya faɗa gidan Malam na yaransa ne, kuma kafin kowace damina yaran Alhaji su hau su share masa rufi. Bishiyar tana nan, gida biyu suna sha.

Akwai abu guda da ba mu cika kawowa dakali ba saboda kunya, alhali ya fi sauran haɗari, wato shadda da rijiya. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakaninsu. Filin ƙafa 50 sau 50 kuwa duk tsawonsa mita 15 ne da 'yan kai. Ke nan ko a cikin gida ɗaya tazarar ba ta samuwa, balle in ka haƙa rijiya a jikin katangar da maƙwabcinka ya haƙa shadda a bayanta. Da damina ruwan ƙasa yakan taso, na wannan ya tsiyaya cikin na wancan, daga nan sai amai da gudawa. A da duba-gari ne ke shiga gida-gida yana leƙa irin wannan. Yanzu in ba mu tambayi juna ba, ba mai sanin abin da ke bayan katanga. Kafin mai haƙa ya ɗaga diga, a leƙa a yi sallama a tambaya. In da hali shaddodin gidaje su juya wa juna baya a gefe guda, rijiyoyi su koma ɗaya gefen. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, guga a rataye shi kada ya kwana a ƙasa, ruwan sha kuma da damina a tafasa.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, ita ce ranar gayyarmu. Matasa su fito da cebur da baro, dattawa su tsaya suna nuni, Iya ta aiko da ƙosai, Gwaggo ta aiko da kunu. Yawancin abin da ake yashewa daga kwata ledar fiyawata ce da robar lemo. Abin da muka koya shi ne kada a tara dattin a bakin kwata a ce sai ya bushe, domin kaji za su baje, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. A ranar ake biyan mai kura ya kwashe.

Roƙona ga duk wanda ya tara kuɗin daɓe a bana, don Allah in birkila ya zo, a zana masa iyaka a bar wa ƙasa ko da taku uku ne, nesa da bangon ɗaki, a karkata ruwa ya fara biyawa ta can. Idan ruwa ya zauna a watan Yuli, lokacin dashe ke nan. Lemun tsami da mangwaro mai aure suna wurin masu sayar da dashe a bakin titi, reshen zogale kuwa uwargida ta aika gidan maƙwabciya, za a ba ta.